Wasiƙa daga Ontario: Yadda Ake Cinikin Wiwi a Kanada, da Inda Dokar ke Kama Baƙo

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu.

In ka cire maganar biza da ta sanyi, babu tambayar da ake yawan aiko wa mazauna Kanada daga gida kamar ta tabar wiwi. Wai da gaske a shago ake sayar da ita, har da rasit? Wai gwamnati ce da kanta ke sari? Iyayen da ke shirin turo yara karatu suna tambaya hankali a tashe, wasu 'yan kasuwa kuma suna tambaya ne don sun ji an ce akwai kuɗi a harkar. E, da gaske ne. Sai dai kalmar nan "an halatta" tana ruɗar wanda ya ji ta daga nesa. An ɗauko kasuwar ne daga lungu aka kewaye ta da shinge, shingen kuma na ƙaya ne, ƙayar kuwa ta fi kama rigar baƙo fiye da ta ɗan ƙasa. Bayanin da ke tafe na lardin Ontario ne, inda Toronto take, domin nan ne 'yan Najeriya suka fi sauka, kuma kowane lardi da nasa tsarin.

Kanada ta haramta wiwi tun 1923. A 2001 aka buɗe ƙofa ga marasa lafiya bayan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario, sannan ranar 17 ga Oktoba, 2018, zamanin firaminista Justin Trudeau, dokar da ta ba manya damar saye da sha ta fara aiki. Ƙasar Uruguay kaɗai ce ta riga ta a duniya. Hujjar gwamnati ita ce tunda ana sha ko an hana, gara a raba yara da ita, a ƙwace ribar daga hannun miyagu, a kuma san abin da ke cikin kayan. Sai aka raba aikin gida biyu. Gwamnatin tarayya, ta hannun ma'aikatar lafiya, ita ke ba masu noma da masu sarrafawa lasisi, ita ke tsara kwali da iyakar ƙarfin kaya. Lardi kuma shi ke faɗin wa zai sayar, a ina za a sha, ɗan shekara nawa zai saya. Shi ya sa ɗan shekara 18 zai saya a Alberta, a Ontario sai ya kai 19, a Quebec kuwa sai 21. A Ontario gida ɗaya na iya shuka gindi huɗu, kuma gida ake ƙirgawa, ko da mutum goma ne a cikinsa. A Quebec ko gindi ɗaya ba a yarda ba, kotun ƙoli ma ta tabbatar da hanin a 2023. Tsakanin Ottawa da ke Ontario da Gatineau da ke Quebec gada ce kawai a kan kogi, amma da ka tsallaka ta dokar ta sauya.

Shagon kansa ba ya kama da abin da kuke zato. Wanda bai sani ba zai ɗauka shagon waya ne ko na turare: fitilu farare, kanta mai gilashi, allo a bango mai jerin sunaye da farashi. Da yawa gilasan tagoginsu a dushe suke don kada yaro mai wucewa ya hango kaya. Duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba sai ya nuna katin shaida mai hoto, yaro kuwa ba ya shiga ko da hannunsa na cikin na ubansa. Ma'aikacin shago ba ya tsayawa a kanta sai ya ci wata jarrabawa da ake kira CannSell. Ba a buɗe shago a ƙasa da mita 150 daga makaranta, kuma ƙarfe 11 na dare dole a rufe. Ba ka taɓa ganyen da hannu. Akwai 'yan kwalabe masu huji a murfi da ake sansanawa, in ka zaɓa sai a shiga ciki a ɗauko maka a rufe. Mafi yawa ana ɗaure busasshen ganye ne giram 3.5, ko 7, ko 14, ko 28. Ban da shi akwai naɗaɗɗiya, da mai na ɗigawa a baki, da na zuƙa a bututu mai batir, da man shafawa, da lemon gwangwani, da cakulan da alawa.

Iyakar abin da mutum zai riƙe a waje giram 30 ne na busasshe, ko kwatankwacinsa. Doka ta yi lissafin kwatankwacin: giram ɗaya na busasshe daidai yake da giram 5 na ɗanye, ko giram 15 na abin ci mai wiwi, ko rubu'in giram na tatacce, ko ƙwayar iri ɗaya. Kwamfutar kanta ce ke haɗa lissafin, da ya haura 30 ba za ta buga rasit ba.

Inda bambancin kayan nan da na gida ya fito fili shi ne a kwali. A gida, ƙulli ne a tsohuwar takarda, a miƙa maka a kango ko bayan tasha, ba ka san dajin da aka nome ta ba, ba ka san abin da aka fesa mata ko aka cakuɗa mata ba, in ta yi wa yaro illa kuma babu wanda za a kama. A nan kwalin launi ɗaya ne ba ado, murfinsa irin na magani da ƙaramin yaro ba ya iya buɗewa. A jikinsa akwai jar alama mai kusurwa takwas irin ta tsayar da mota, da hoton ganye da haruffan THC, wato sinadarin da ke sa maye. Akwai akwati ruwan ɗorawa mai ɗauke da gargaɗin lafiya. An rubuta yawan THC da na CBD, ɗaya sinadarin da ba ya bugarwa, da sunan kamfanin, da ranar da aka ɗaure, da lambar rukuni. A bakin murfi kuma an liƙa ɗan kan sarki na haraji, kowane lardi da launinsa. Lambar rukunin nan ita ce ginshiƙin abin: kafin kaya ya fita sai ɗakin gwaji ya duba shi don maganin ƙwari da funfuna da gubar ƙarfe, kuma an sha janye rukuni guda daga kasuwa saboda an ga funfuna ko an yi kuskuren rubuta ƙarfi.

Amma kada tsabtar kwali ta sa a ɗauka abin ya yi sauƙi. Ma'aikatar lafiya da kanta ta ce a shekarun 1980 THC da ke cikin ganye bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, yanzu matsakaici ya kai wajen 15. A kan allon shago kuwa abin da ake rububi shi ne mai kashi 25 zuwa 30, tataccen danƙo da na bututu suna kaiwa 80 har 90. Masu saye lamba suke bi, wanda ya fi lamba shi ke tafiya, har ta kai ana zargin wasu kamfanoni da ƙara gishiri a lambar da suke rubutawa.

Yanzu maganar kuɗi, don masu tunanin sa jari. A Ontario mai noma ba ya kai kaya shago kai tsaye. Akwai kamfanin gwamnatin lardi, Ontario Cannabis Store, shi kaɗai ne ɗan sari: shi ke saye daga masu noma, ya ɗora ribarsa, ya rarraba wa shaguna, kuma yana da nasa shagon na intanet. Lasisin shago kuma yana hannun AGCO, hukumar da ke kula da giya da caca. Kuɗin lasisin mai harkar dalar Kanada 6,000 ne na shekara biyu, izinin kowane shago dala 4,000, ban da binciken tarihin mutum da na asalin kuɗinsa. Haraji na farko yana kan mai noma: dala ɗaya a kowane giram, ko kashi 10 cikin ɗari na farashi, duk wanda ya fi yawa, tarayya ta ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu, lardi ya ɗauki uku. A kanta kuma mai saye ya biya harajin ciniki na kashi 13.

Dala ɗayan nan ita ta karya ƙashin bayan kamfanoni da yawa. Lokacin da aka tsara ta an ɗauka giram zai tsaya a wajen dala 10, ka ga kenan haraji kashi goma ne. A ƙarshen 2019 haka farashin shago yake, na bayan fage kuma bai kai dala 6 ba. To, kaya ya yi yawa, gasa ta yi zafi, farashi ya faɗi, har yau za ka sami jakar giram 28 a dala 100 ko ƙasa da haka. Harajin kuwa bai motsa ba. A jakar nan dala 28 ta tafi tun kafin ɗan sari da mai shago su cire nasu, abin da ya rage wa mai noma kuma daga ciki zai biya wuta da ma'aikata da gwaji da kwali. Duk wanda ya taɓa noman tumatir a Kadawa ya ga ranar da kwando ya cika kasuwa ya san irin wannan faɗuwa, sai dai shi manomin tumatir ba a cajinsa kuɗi tsayayye a kan kowane kwando.

Labarin Canopy Growth, wani babban kamfanin noman wiwi, ya ishi misali. A garin Smiths Falls ta fara, cikin tsohuwar masana'antar cakulan ta Hershey. A 2018 kamfanin giya na Amurka, Constellation Brands, ya zuba mata dalar Kanada biliyan 5, hannun jari ya yi ta tashi, aka yi ta gina rumfunan gilashi masu faɗin filayen ƙwallo. A 2023 ta sallami ɗaruruwan ma'aikata, ta sayar wa Hershey ginin ya koma hannun masu shi na da. An yi shekarun da ake lalata ɗaruruwan tan na ganyen da ya rasa mai saye, domin ba a ajiye shi har abada, yana bushewa ya rasa ƙamshi da ƙarfi. Fitar da shi waje kuma ba ya yiwuwa sai don magani ko bincike, da izini na musamman, zuwa ƙasashe irin su Jamus da Ostareliya. Wani kamfanin, CannTrust, a 2019 aka gano yana noma a ɗakunan da ba su da lasisi, aka dakatar da shi, bai sake miƙewa ba.

Shaguna ma haka. Da farko ƙuri'a aka jefa, aka ba da izinin shago 25 kacal ga lardi mai mutum sama da miliyan 14, suka fara buɗewa a Afrilun 2019. Da aka soke ƙuri'ar sai aka yi ambaliya: yanzu sun haura 1,500, a titin Queen na Toronto za ka ƙirga da yawa kana tafe da ƙafa, dukkansu kaya ɗaya suke sayarwa daga ɗan sari ɗaya, talla kuma an ɗaure mata hannu, ba mawaƙi, ba ɗan wasa, ba hoton jin daɗi. Da me za ka fi maƙwabcinka? Sai rage farashi. Manyan masu jerin shaguna irin su Fire & Flower a 2023 da Tokyo Smoke a 2024 sai da suka nemi kariyar kotu daga masu bin su bashi. An kuma ba majalisun birane damar cewa ba sa so. Mississauga ta ƙi tun farko, sai a 2023 ta amince. Cinikin ƙasar baki ɗaya ya haura dala biliyan 5 a shekara, amma wanda ribarsa ta tabbata a ciki ita ce gwamnati. Ga Musulmi kuma maganar ba ta ma kai ga lissafi ba. Giya ma a shagon gwamnati ake sayar da ita a Ontario, hakan bai sauya hukuncinta ba, kuma malamai a masallatan nan abin da suke faɗa shi ne abin da aka sani, duk mai sa maye haramun ne, sha da sayarwa.

Kasuwar bayan fage ba ta mutu ba, ta dai rame. A binciken da ma'aikatar lafiya ke yi duk shekara, wajen mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan shekara 16 zuwa sama ya ce ya sha a cikin shekarar, kuma kusan bakwai cikin goma na masu shan sun ce daga mai lasisi suke saye. Sauran suna bin shafukan intanet da ke aikowa ta gidan waya, da shagunan da ba su da izini. A 2019 har tubalan kankare hukumar birnin Toronto ta riƙa jibgewa a ƙofar irin waɗannan shaguna. Gane su ba wuya: babu kan sarkin haraji, babu tambarin lardi a ƙofa, kwali mai ƙyalli da zane-zane, ba a tambayar shekaru. Riƙe kayan da ka san na bayan fage ne laifi ne ko giram ɗaya ne.

Iyaye mata, wannan ɓangaren naku ne, kuma shi ya fi damuna. Tun ƙarshen 2019 aka fara sayar da abin ci mai wiwi. Doka ta ce kwali ɗaya kada ya wuce miligiram 10 na THC. Na bayan fage kuwa sukan zo da ɗaruruwan miligiram, cikin leda mai kama da ta alawa da cakulan da yara suka sani, sai ka ƙura ido za ka ga an sauya harafi ɗaya a sunan. Mu kuma tarbiyyarmu ita ce yaro na kowa ne, maƙwabci ya miƙa alawa a karɓa a yi godiya, baƙo ya ajiye jaka a falo yara su yi ta wasa a gefenta. Masu bincike a Ottawa sun gano cewa yawan ƙananan yaran da ake kaiwa sashen gaggawa a Ontario saboda sun ci wiwi ya ninka kusan sau tara bayan halattawa, kuma tashin ya fi yawa bayan shigowar abin ci. Quebec ta hana sayar da alawa da cakulan ɗin gaba ɗaya, a ganina kuma ita ta yi daidai.

Abin ci ba ya aiki kamar hayaƙi. Hayaƙi cikin mintoci yake kamawa. Wanda aka ci sai ya bi ta ciki da hanta, yakan ɗauki minti 30 zuwa awa biyu kafin a ji, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a wajen awa huɗu, ya daɗe har awa 12. Nan ne babba ma ke faɗawa: ya ci ɗaya bai ji komai ba, ya ƙara biyu, sai duk su taso masa lokaci guda, zuciya na bugawa, tsoro ya rufe shi. Yaro kuwa alamunsa barcin da ba a saba gani ba, tangaɗi, jiki ya saki, magana ta sarƙe, wani lokaci numfashi ya yi ƙasa. Kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai. A kira 911, lambar agajin gaggawa, a tafi da ledar abin da ya ci, a gaya wa likita gaskiya. Kunya ko tsoron hukuma ba su kai ran yaro ba.

Ga matasa kuma, gargaɗin da ke jikin kwalin ba ado ba ne. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma shan yau da kullum, musamman mai ƙarfi, yana ƙara haɗarin taɓin hankali, ya fi tsanani ga wanda ake da ciwon a danginsu. Akwai wani ciwo kuma da asibitocin nan suka saba gani yanzu: amai ba ƙaƙƙautawa da murɗar ciki ga wanda ya daɗe yana sha, ba ya samun sauƙi sai ya tsaya a ƙarƙashin ruwan zafi, maganinsa kuma dainawa ne kawai. Ɗalibin da ya zo shi kaɗai, ga sanyi, ga dare mai tsawo, ga kaɗaici, ga shago a ƙasan benensu, yana bukatar a riƙa kiransa ana jin muryarsa.

Wurin sha ma da ƙa'ida. Kusan duk inda aka yarda a sha taba an yarda a sha wiwi: cikin gida, gefen titi, yawancin wuraren shaƙatawa. Ba a sha a cikin mita 20 daga makaranta ko filin wasan yara, ko mita 9 daga ƙofar asibiti, ko a barandar da mazauna bene suke tarayya a cikinta. Tara tana kaiwa dala 1,000 a karon farko, 5,000 in an sake. Mai gida yana iya hana shan hayaƙi a takardar haya, don haka mai iyalin da ba ya son wari ya duba wannan layin kafin ya sa hannu, domin a wasu benaye warin na bin bututun iska ya shigo ɗaki.

To, ga inda ƙayar take. Sashe na 36 na dokar shige da fice ya ce mai takardar zama ta dindindin zai iya rasa ta in aka same shi da laifin da ƙololuwar hukuncinsa ta kai shekara 10. A lura da kyau: ba abin da alƙali ya yanke maka kaɗai ake dubawa ba, ana duba iyakar abin da doka ta tanadar wa laifin. Ba wa wanda bai kai 18 ba wiwi, ko sayarwa ba lasisi, ko tsallaka iyaka da ita, kowanne ƙololuwarsa shekara 14 ce. Tuƙi cikin maye kuma tun Disambar 2018 aka ɗaga nasa zuwa shekara 10. Sai ka ga mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya a dare ɗaya, an ci kowannensu tarar dala 1,000. Ɗan ƙasa ya biya, ya yi zaman dakatar da lasisi, ya ci gaba da rayuwarsa. Baƙon kuwa fayil ɗinsa na iya wucewa hukumar kan iyaka, a zauna a kansa, a ba da umarnin tasa ƙeyarsa, ko da ya yi shekara goma yana biyan haraji, da mata da 'ya'ya. In ɗaurin da aka yi masa ya kai wata shida, ya rasa damar ɗaukaka ƙara ma. Ɗalibi da mai izinin aiki nasu ya fi sauƙin tsinkewa, laifin da bai kai wannan ba ma ya isa.

Ma'aunin tuƙi a jini yake. Nanogiram 2 zuwa ƙasa da 5 na THC a kowace mililita laifi ne mai tara har dala 1,000. Daga 5 zuwa sama shi ne babban, tarar farko ba ta gaza dala 1,000, karo na biyu kwana 30 a gidan yari, na uku kwana 120. In an haɗa da giya, nanogiram 2.5 ya isa. Ƙin yarda a gwada ka shi ma laifi ne, tararsa ta fara daga dala 2,000. Matsalar ita ce babu mai iya gaya maka awa nawa za ka jira, domin THC na maƙalewa a kitsen jiki, mai sha kullum zai iya jin ya warware sarai alhali jininsa bai sauka ba. Sabon direba mai lasisin G1 ko G2, da wanda bai wuce 21 ba, da direban babbar mota, su ko ɗigo ba a yarda a samu ba. Direban tirela mai shiga Amurka kuma yana ƙarƙashin gwajin fitsari na dokar can, inda gwamnatin tarayya ba ta halatta ba. A cikin mota, sai dai a bar ta a kwalinta ba a ɓare ba, ko a rufe cikin jaka a but. Duk baƙon da aka tuhuma da ɗayan waɗannan, kada ya amsa laifi don a gama da wuri sai ya ga lauyan da ya san dokar shige da fice, domin sassaucin da aka yi masa a kotun laifi shi ne zai iya zama takardar korarsa.

Masu cewa Najeriya ta kwaikwayi wannan tsari, kamar yadda marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kira a noma ta don magani, su dubi abin da ke riƙe da shi a nan: katin shaidar da ba a ƙirƙira da sauƙi, ɗakin gwaji, lissafin kowane giram daga gona zuwa kanta, motar asibiti mai zuwa cikin mintoci. Da duk wannan ma ga yara a sashen gaggawa. Mu kuwa mun ga yadda kodin, wanda magani ne mai rajista, ya tsallake kantin magani ya cika unguwannin Kano har sai da aka hana shi a 2018. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, alhali haramun ce a doka, ga kuma NDLEA da aka kafa a 1989.

Saura maganar hanya. A jirgin cikin gida, Toronto zuwa Calgary misali, an yarda mutum ya riƙe giram 30. Jirgin da zai bar ƙasar kuwa ko ƙwaya ɗaya, ko da takardar likita, ko da ƙasar da za ka ta halatta. Wannan ya haɗa da man CBD, wanda a Kanada hukuncinsa ɗaya da wiwi. Sau da yawa da kyakkyawar niyya abin ke farawa: Hajiya na fama da ciwon gwiwa, an ji labarin wani man shafawa, a taho mata da kwalba ɗaya. Kada a taho da shi. Hanyar gida tana bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha ko Dubai, kowacce da dokarta mai tsanani, a sauka kuma ga jami'an NDLEA, dokarsu ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai da rai ga mai shigo da miyagun ƙwayoyi. A zazzage aljihun rigar sanyi da ƙananan zif na jaka kafin a shirya kaya, musamman in aron jakar aka yi. Saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba kada ka karɓa, ko daga wa yake. Ba a manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda jakar taramol da aka liƙa wa sunanta ba.

Masu turo motoci su suka fi kowa shiga haɗari yanzu. Kun sha jin NDLEA na sanar da kama wiwin da ake kira Canadian Loud a tashoshin Tin Can da Apapa, a ɓoye cikin motocin da aka loda daga Toronto ko Montreal. Saboda haka kwantenar da ta taso daga Kanada ido na kanta. Kwantena mai ƙafa 40 takan ɗauki mota uku ko huɗu, sau da yawa na mutane daban-daban, a cike sauran gurbin da jakunkuna da ganguna na wasu. In aka sami kaya a ciki, wanda sunansa ke kan takardar lodi a matsayin mai karɓa da wakilin da ya je fitarwa su ake fara riƙewa, sauran motocin kuma su zauna a tasha kuɗin ajiya na hawa. Motar da aka sayo a gwanjo a bincike ta kafin a miƙa: but, gurbin safaya, ƙarƙashin kujeru, aljihun gaba, bangon ƙofofi in akwai alamar an taɓa kwance su. A ɗauki hotonta ciki da waje a wurin lodi, da kwanan wata. A tambayi mai lodin kayan wa da wa za a haɗa da naka, a ce a rubuta cewa ba a yarda a sa komai a cikin motarka ba. In da hali a tsaya har a rufe ƙofar kwantena, a rubuta lambar hatimin da aka ɗaure ta da shi, a tabbatar ita ce a kan takardar lodi, a aika wa mai karɓa a Legas ya gwada kafin a fasa. Ɗan uwan da aka ce ya ba da aron sunansa a karɓi kwantenar da bai san abin da ke cikinta ba, ya ba da haƙuri.

A gaida su Baba da su Inna, da duk wanda ya tambaye mu. Wassalam.